Wa Ya Mayar da Tsohon Memori?

Da hantsi aka gano abin, kafin rana ta take tsaka kuwa duk layin ya ji. An sace sabon memorin kwamfutar Auta, 'yar Tsohon Direba mai gidan benen nan na kan kwana. Ba wanda ya wahalar da kansa wajen neman ɓarawo, domin kowa ya riga ya yanke cewa Mai Gyara ne, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakalar gidan.

A bencin mai shayi labarin ya sami Mai Sawu. Ya sunkuya yana kallon wata tururuwa da ke jan fiffiken fara da baya-baya, yana mamakin yadda take gane hanyar gida ba tare da ta waiga ba. Shi mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bin sawun dabbobin da suka ɓace, da na mutanen da suka ɓatar da su. A zamaninsa, in ya duba ƙasa zai gaya maka saniyar tana ɗingishi, wanda ya kora ta kuma takalmin aro ne a ƙafarsa. Yanzu tsufa ya kawo shi inda aka shafe ko'ina da siminti da tayil, ƙasa ta daina yi masa magana. Ba mai nemansa sai in makulli ya faɗi.

Mai shayi ne ya zayyana masa komai, yana fifita wuta yana jin daɗin bakinsa. Auta ta sayo memori sabo fil don na'urar da take buga gem da ita, ta bar wa Mai Gyara ya saka jiya da yamma, ita ta wuce aikin kwana a asibiti. Da ta dawo ta kunna, sai ta tarar da tsohon memorinta zaune daram a ciki, sabon ko ƙyallinsa babu, kwalinsa wayam. Dogo, yayanta, wanda makullan gidan ke hannunsa tun da mahaifinsu ya ajiye aiki, ya ba Mai Gyara zuwa faɗuwar rana: ko ya fito da kaya, ko ya kwashe komatsansa daga shagon.

"Na san Mai Gyara ɗan ƙanwarka ne," in ji mai shayi, "amma ni tuntuni idon yaron nan bai kwanta mini ba."

Mai Sawu ya tuna masa cewa kwanan nan yaron ya gyara masa rediyo bai karɓi komai ba. Mai shayi ya ce ai shi ya sa, mutum ba ya aiki kyauta sai in yana da abin da yake ɓoyewa.

Mai Sawu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Abu ɗaya ya sani, mai gyaran da aka kora da sunan sata ya gama yawo. Ko tocila ba wanda zai ƙara miƙa masa.

*

Shagon bai fi wurin shimfiɗa tabarma ba, rufinsa ya karkace yana bin matakala. Mai Gyara yana zaune a tsakanin gawarwakin kwamfutoci, ya fara cusa wayoyi a buhu, ya fasa, ya sake farawa.

"Kawu, da hannuna na saka su," in ji shi. "Guda biyu ne, masu fitila. Na cire tsofaffin na zuba a kwalin sababbin, na ajiye a kan tebur."

Matsalar, in ji shi, na'urar ce ta ƙi tashi. Auta ta ƙure mata gudu, wato ta shiga saitinta ta matsa mata ta riƙa aiki fiye da yadda masu ƙera ta suka yanka mata, don kada wani ya riga ta harbi a gem. Na'urar da aka yi wa haka takan zama mai zafin jiki da saurin fushi, abin da ta saba da shi kaɗai take yarda da shi. Da ta ji baƙon memori sai ta ɗaure fuska, fankokinta na juyawa, allo baƙi ƙirin. Gyaran ba wuya: a sassauta gudun, a lallaɓa ta, a sake ɗagawa kaɗan-kaɗan. Amma bai so ya taɓa saitin Auta ba ta nan, domin ta fi son saitin nan da 'yan kunnenta. Ya kashe, ya aika mata saƙo cewa sai gobe. To yau ga goben. Ta latsa, na'ura ta tashi garau da tsohon memori, sai ta ce ƙarya ya shirga mata don ya sami sararin kai kayan kasuwa.

Mai Sawu ya tambaye shi me ke cikin memorin nan da har wani zai sa masa ido, hotuna ne ko asirin wani.

Duk da halin da yake ciki sai da Mai Gyara ya murmusa. Ya ce kowa wannan kuskuren yake yi, saboda na waya. Na waya ma'aji ne, wannan kuwa suna ne kawai ya zo ɗaya. Kamar teburin tela yake, a shimfiɗa aiki a kai, in an tashi a share. Da zarar an kashe na'ura ba abin da ke saura a cikinsa. Babban tebur yana ɗaukar aiki da yawa a lokaci guda, iyakarta ke nan.

Mai Sawu ya jima yana juya maganar a ransa. Abu sunansa memori, amma ba ya tuna komai. Sai ya ji kamar da shi ake.

Da ya tambaya ko akwai wanda ya ga an saka, Mai Gyara ya ce Baba Direba yana tsaye a kansa daga farko har ƙarshe, yana faɗan da ya saba, wai gem aikin marasa aiki ne, wai yarinya ta mayar da ɗakinta gidan rawa. Amma da Dogo ya tambaye shi yau, sai ya ce shi bai san abin da aka cire da abin da aka saka ba, idonsa ba ya kai wa can. Wannan kuwa ba wanda zai musa, domin idon ne ya sauke shi daga mota.

*

Tun daga bakin ƙofar ɗakin Auta ran Mai Sawu ya ɓaci. Tayil yana ta sheƙi yana ƙamshin sabulu. Iya mai aiki ta goge shi tas da safe kamar kullum, har ƙarƙashin gado. Duk da haka ya durƙusa, ya kwantar da kuncinsa kusa da ƙasa ko hasken taga zai nuna masa rabin dunduniya. Ba abin da ya gani sai fuskarsa.

Na'urar tana kan tebur, gefenta ɗaya gilashi ne, kamar akwatin nan da ake kiwon kifin ado. A ciki wasu fitilu suna sauya launi a hankali, shuɗi ya narke ya koma ja, ja ya koma ruwan ganye. Gabanta kujera mai tayoyi, ƙarƙashin tebur kuma tarkacen wayoyi da wani sitiyarin roba. Mai Sawu ya shagala da kallon fitilun, yana tunanin ko su ma sun gaji da wannan aikin nasu, har sai da Auta ta yi gyaran murya.

Mace ce mai ƙaramin jiki, har yanzu rigar aiki ce a jikinta, idanunta sun kaɗa saboda rashin barci da takaici. Ta ce tana ganin girmansa, amma ba ta ga abin da bin sawu zai yi a nan ba, wannan ba akuya ba ce. Ta daɗe tana burin memorin nan. Gasar da take jira ta ƙarato, tsohon kuwa yana sa gem ya sarƙe daidai lokacin da mutum ya saita abokin gaba. Ta yarda da mutum har ta bar masa ɗakinta, ga sakayya.

"'Yata, ɓarawo ɗauka yake ya gudu," in ji Mai Sawu. "Wa zai tsaya ya mayar da tsoho, ya kuma ɗaure gilashi?"

"Wanda bai taɓa cire tsohon ba, Baba."

Amsar ta zauna, bai sami inda zai kama ta ba.

*

Iya tana kicin tana wanke-wanke. Tun kafin ya gama sallama ta gane abin da ya kawo shi. Ta share hannu, ta kwance ƙullin bakin zanenta a gabansa, ta zazzage: makullin ɗakinta, ƙwayar maganin ciwon kai, da wani maɓallin riga. Ta ce ya duba da kyau, in yana so ta cire ɗankwali ma. Shekarunta nawa a gidan nan, ko cokali bai taɓa bin ta ba, yau don ta goge ɗaki ta zama abin tuhuma, da ba ta goge ba kuma a ce ƙazama ce.

Sai da ya ba ta haƙuri har sau uku kafin ta sauko. Da ta sauko kuwa ta rage murya ta ce ita dama ɗakin nan ba ta yarda da shi ba. Duk ranar da Auta ta kwana a asibiti, in ta shiga shara da safe sai ta ji ɗakin da ɗumi kamar an yi guga a ciki, kujera kuma an manna ta da tebur. Ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta fara ruɗewa. A ganinta mutanen ɓoye ne, fitilun nan ke jawo su.

Maganar ta yi wa Mai Sawu daɗi ƙwarai, har ya tsaya yana hango su jere a gaban gilashi. Amma da ya fito sai ya ga aljani ba ya bukatar kujera. Wani mai ƙashi da nama ne ke zama a wurin in mai ɗakin ba ta nan, na'urar kuma da zafin jikinta take tona masa asiri. Wa ke da makullin ko'ina a gidan? Wa ya fi kowa ɗokin a kori yaro kafin a yi bincike? Ya tsallaka titi da sauri kamar mai shekara arba'in.

*

Dogo yana da rumfar gilashi inda yake sayar da caja da rigunan waya. Yana ciniki da wasu mata biyu Mai Sawu ya iso ya tsaya yana leƙe-leƙe, har ya hango wani abu siriri mai tsawon tafin hannu, an naɗe shi a takarda an cusa bayan kwalayen caja. Ya ce a miƙo masa wancan.

Dogo ya ce ba na sayarwa ba ne. Mai Sawu ya ce dama ba saye ya zo ba. Gardama ta yi tsawo, matan suka fasa tafiya, mai shayi ya baro wutarsa ya matso. Da Dogo ya ga an fara taruwa sai ya fizgo abin ya warware a gaban kowa. Ɗan mataji ne, da kwalbar baƙin rini. Sai a lokacin jama'a suka lura cewa gemun Dogo ya fi na sa'o'insa baƙi.

Matan suka tafi suna toshe baki. Mai shayi, don ya ƙara wa abin armashi, ya shaida cewa Dogo ba ya kwana a gidan, yana can bayan kasuwa da iyalinsa, kuma bai taɓa isowa layin ba sai rana ta ɗaga, ragwancinsa ba ɓoyayye ba ne.

"Ka gama, Baba?" in ji Dogo. "Ka tozarta ni don ɗan ƙanwarka. To ka duba sama, rana ba jiran ka take ba."

Ya duba. Ta karkata. Da ya waiga kuma ya ga Mai Gyara ya fito da buhu biyu ƙofar shago, mutane suna wucewa suna kallonsa ta wutsiyar ido.

*

Ya sake hawa benen yana tsayawa a kowane mataki, yana zagin tayil da wanda ya ƙirƙiro shi. Ya ɓata wa tsohuwa rai, ya kunyata magidanci, bai samo ko zare ba. Ya roƙi Auta ta buɗe masa cikin na'urar. Ta yi tsaki a hankali, ta kashe, ta murɗe wasu 'yan kusoshi biyu da yatsa, gilashin ya fita.

Ya sa hanci ya shaƙa. Warin ƙura mai ɗumi, ba wani abu ba. Memorin yana can ciki a tsaye, guda biyu, sirara. A kansu wani tulin ƙarfe ya yi rumfa, faifai bisa faifai, kamar lagireton mota, da fanka manne a gefensa. Mai Sawu bai san abin da yake nema ba. Haushi ne kawai ya sa ya cusa hannu don ya taɓa abin da ya hana shi shan shayinsa. Wurin ya matse, ya tura, ya taɓa, ya zaro.

Sai ya ji zafi. A bayan yatsunsa ga wasu layuka sirara a jere, tazararsu ɗaya kamar an ja da rula, jini yana tsattsafowa.

Auta ta miƙo masa auduga tana faɗa. Ta ce ai ba a yin haka, sai an fara cire fankar kafin hannu ya shiga. Ita ta sa wannan ƙaton ƙarfen saboda zafin da na'urar ke yi tun da ta ƙure mata gudu, bakinsa kuwa reza ne, duk mai gyara ya san da haka.

Mai Sawu bai karɓi audugar ba. Ya kai hannun bakin taga yana kallo, yana juya shi a haske. Tun safe yake neman abin da mutumin ya bari a ɗaki, ashe ɗakin ne ya bar abu a jikin mutumin.

Ya sauka ya kama hannuwan Mai Gyara ya duba ciki da baya. Tabon ƙuna, tsohon yanka, baƙin mai a ƙarƙashin farce. Sabon layi ko ɗaya babu. Hannun Iya ya gan shi a cikin kumfa, na Dogo ya gan shi riƙe da mataji. Ya tsaya a gindin matakala yana lissafa mutanen gidan, ya ga saura mutum ɗaya, kuma bai so lissafin ba.

*

Tsohon Direba yana baranda a kujerarsa ta kullum, ya juya wa titi baya. Shi da Mai Sawu sun daɗe tare, tun lokacin da ɗaya ke ɗauko ɗaya a hanya in bin sawu ya kai shi nesa da gida. Suka gaisa, suka taɓa zancen ciwon baya. Hannun Direba na dama yana cikin aljihu, har gaisuwar ma da ka ya yi ta. Mai Sawu ya miƙa masa nasa hannun, wai ya duba masa wannan yankan ko zai yi ruwa. Mutum ba ya ƙin duba ciwon aboki. Direba ya zaro hannu ya kama, hannuwan biyu suka haɗu a haske, layi kusa da layi, kamar yara biyu da malami ɗaya ya koya wa rubutu.

"Kyanwa ce ta yakushe ni," in ji Direba.

"Mutumina, yaushe kuka yi kyanwa?"

Direba ya mayar da hannu aljihu. Mai Sawu ya ce masa yaro yana ƙasa yana ɗaure kaya, in akwai abin faɗa gara a faɗe shi yanzu, tsakanin tsofaffi biyu. Direba ya ce shi ba ya gani, kowa ya sani, kuma bai ga dalilin da za a zo har gidansa a tsare shi da tambaya ba. Ya ɗauki rediyonsa ya ƙara murya.

Mai Sawu ya jira har aka gama labarai. Sannan ya tashi ya fita.

*

Da rana ta yi ja, Mai Sawu ya tara su a ɗakin Auta. Iya ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a kafaɗa. Dogo ya harɗe hannu yana kallon silin. Mai Gyara ya raɓe a jikin bango kamar baƙo. Direba ne ya shigo ƙarshe, Auta ta tura masa kujerarta ya ƙi zama.

Mai Sawu ya ɗaga hannunsa ya nuna musu, ya faɗi yadda ya samo yankan. Ya ce wanda ya sa hannu cikin na'urar nan bai cire fanka ba, da irin wannan ya fita. Iya ce ta fara miƙo nata tun ba a tambaye ta ba, har tana juya su kamar mai tallan lalle. Mai Gyara ya nuna. Auta ta nuna. Dogo ya yi gunaguni ya nuna, sannan ya ce to an gama wasan yara, kowa hannunsa lafiya, sai a koma kan maganar farko.

Ba wanda ya dubi Direba, domin ba wanda ya kawo shi a rai. Mai Sawu ma bai dube shi ba. Ya ce wa Auta ta mayar da gilashi ta kunna, ta duba wane gem aka buɗe na ƙarshe.

Ta ce ita ta buɗe, nata na harbi. Ya ce ta dai duba na kafin shi. Ta latsa, ta latsa, sai ga shi ya fito. Wani gem ne na tuƙin manyan motoci, wanda ta saya tare da sitiyarin roba ta buga kwana biyu ta watsar, don a ganinta ba abin da ake yi a ciki sai tafiya. Ta buɗe. Ga wata babbar mota ruwan ganye a gefen hanya, an faka ta tsaf, ƙafafunta a miƙe. A goshinta an rubuta SAI NA DAWO.

Iya ta dafe baki. Duk wanda ya girma a gidan nan ya san wannan rubutun, da shi motar mahaifinsu take shigowa layi in ya dawo daga doguwar tafiya.

Sai a lokacin Direba ya zauna. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Ya daɗe yana kallon yadda Auta ke kunnawa, wata safiya ya gwada. In ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa allo, yana ganin hanya sarai. Ba wanda ke ce masa ya sauka. Jiya ya ji ana cewa za a canja memori, ya tsaya a kan yaro yana faɗa ko za a fasa, ba a fasa ba. Yau da sassafe ya kunna, ya ga allo baƙi ƙirin.

"Na ce shi ke nan, sun cire memori, sun tafi da motata. Wayata da aka canja wa memori, ba haka hotunan mahaifiyarku suka tafi ba? Na ga yadda yaron ya yi, ni kuwa na kwance injin da ya fi wannan. Na mayar da tsohon, ta tashi, ga motata a inda na bar ta."

Auta ta tambaye shi, a hankali, me ya hana shi ajiye sabon a kwali.

"Da kun sake sawa."

Ya zaro gidan tabaransa daga aljihu ya buɗe. Suna ciki, guda biyu, an naɗe su da ƙyallen goge gilashi.

Mai Gyara ya matso daga jikin bango. Bai ɗaga murya ba. Ya ce motar ba a cikin memori take kwana ba, tana da nata ma'ajin daban, ko sau goma aka canja tana nan. Baƙin da ya gani kuwa gudun da aka ƙure ne, da an bar shi da safe da ya daidaita shi kafin shayi ya huce.

"Wato a banza?" in ji Direba.

"A banza, Baba."

Auta ta jima tana kallon allon. Ta ce duk shekarun nan yana kiran ta marar aiki a gaban baƙi, ashe kujerarta ma ba ta hucewa. Ta juya ga Mai Gyara ta ce ya yafe mata, ta zalunce shi. Ya gyaɗa kai bai dube ta ba.

Dogo ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya rufe ƙofa, ya ce magana ta ƙare a ɗakin nan. Za a ce an tsinci kayan a bayan tebur, Mai Gyara ya mayar da buhunansa ciki, kowa ya kama bakinsa. Mutuncin tsoho ba abin wasa ba ne.

"In an ce a bayan tebur aka tsinta, za su ce tsoro na ji na lallaɓo na ajiye," in ji Mai Gyara. "A titi aka kira ni ɓarawo, Yaya Dogo. Ba a ɗaki ba."

Dogo ya ce ya cika dogon buri, an bar masa shago me kuma yake nema. Mai Gyara ya ce shagon da ba mai shiga, gara buhu. Direba ya ɗago ya dubi wajen da abokinsa yake tsaye, ko zai sami mai cewa a bar maganar haka. Mai Sawu ya ji idon a jikinsa. Ya tuna ruwan da mutumin nan ya sha ba shi a hanya, ya tuna kuma buhunan da ke ƙofar shago. Ya matsa gefe ya buɗe ƙofar da Dogo ya rufe.

"Kai ma?" in ji Direba.

"Mutanen layi suna nan ƙasa, mutumina. Ba su watse ba."

*

Direba ya sauka shi kaɗai, yana lalubar ƙarfen matakala. Auta ta yunƙura za ta riƙe shi, ya janye kafaɗa. Mai Sawu ya biyo shi daga nesa ya tsaya a kwanar bene, inda yake jin komai ba a ganin sa. Bai ji daɗin da yakan ji ba in sawu ya kai shi ga abin nema. Yatsunsa suna zugi, cikinsa ba komai tun safe, kuma ya san barandar nan ba zai sake zama a cikinta nan kusa ba.

A ƙofar gida mutanen layi suna tsaye cirko-cirko, sun zo ganin yadda za a fitar da kayan Mai Gyara. Da suka ga mai gidan da kansa sai surutu ya mutu. Ya tsaya kusa da buhunan, ya cire hannu daga aljihu, ya fara magana ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa ƙirjinsa bayani.

Daga can baya mai shayi ya ɗaga ludayinsa.

"Ƙara murya, Direba, mu na nan ba ma ji."

Tsohon ya gyara tsayuwa. Sannan ya ɗaga murya, ya sake farawa daga farko.